Yawon keke a bakin koguna da kanal a Turai: tambayoyi da amsoshi

A wurinmu keke abin sufuri ne: a kai amfanin gona kasuwa, a je makaranta, a ɗauko jarkar ruwa. A Faransa da Jamus da Ostiriya kuwa akwai masu ɗaukar hutun mako guda, su ɗaure jakunkuna a kariya, su bi gefen ruwa daga wannan ƙauye zuwa wancan, inda dare ya yi musu nan za su kwana.

Me ya sa sai a bakin ruwa?

Saboda ruwa ba ya hawa tudu. Kogi kan bi kwari ne yana gangarawa a hankali. Shi kuma kanal, wato kogin da mutane suka haƙa da hannu, dole a daidaita shi, in ba haka ba ruwan ba zai tsaya jirgi ya bi ba. Duk hanyar da ta bi gefensu ta gaji wannan shimfiɗa.

Akwai kuma tarihi a ciki. Kafin a sa wa jiragen ruwa inji, dawakai ne ke jan su da igiya daga gaɓa, wani lokaci ma mutane. Don haka aka share siririyar hanya a gefen ruwan, wadda doki zai bi yana jan kaya mai nauyi ba tare da hawa da sauka ba. Da jirgin ƙasa da manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, sai hanyar ta zama ba mai bi. Ita ce aka gyara wa masu keke, kuma a mafi yawan wurare an hana mota shiga. Wannan ne abin da ya fi burge ni: dattijo mai shekara 70 da jikarsa 'yar firamare suna iya tafiya a jere suna hira, ba mai fargabar tirela.

Wace hanya ce ta fi suna a cikin na kanal?

Canal du Midi, a kudancin Faransa. Tsawonsa kilomita 240, daga birnin Tuluz zuwa tafkin Thau da ke bakin Bahar Rum. An fara haƙa shi a 1666, zamanin Sarki Louis na 14, aka buɗe a 1681. Wanda ya tsaya a kan aikin, Pierre-Paul Riquet, mai karɓar harajin gishiri ne, ya zuba dukiyarsa a ciki, ya rasu a 1680, saura watanni a gama.

Babbar matsalar da ya warware ita ce ta ruwa. Kanal ɗin sai ya haye tudun Naurouze, mai tsayin mita 189 daga matakin teku, kuma babu kogi a can saman. Riquet ya tattaro ƙoramun wani dutse da ake kira Montagne Noire, ya gina madatsar Saint-Ferréol, ya jawo ruwan zuwa ƙololuwar, daga nan ya rabu biyu, rabi gabas rabi yamma. Jirgi kan hau ya sauka ta wasu ɗakunan ruwa masu ƙofa gaba da baya: a shigar da shi, a rufe, a cika ɗakin ko a rage, sai a buɗe ya wuce. Irinsu sun haura 60 a kan hanyar. A Fonseranes, kusa da Béziers, an jera su kamar matakalar bene, suna ɗaga jirgi kimanin mita 21. Mai keke kan jingine kekensa a nan ya yi rabin awa yana kallo. Hukumar UNESCO ta sa kanal ɗin cikin kayan tarihin duniya a 1996.

Hanyar tana da kyau tun daga farko har ƙarshe?

A'a, kuma gara a sani tun kafin a tashi. Daga Tuluz zuwa wajen Naurouze an shimfiɗa kwalta. Bayan nan akwai wuraren da turba ce kawai, ga saiwoyin bishiya sun fito, in an yi ruwa kuma taɓo. Keke mai siririyar taya zai sha wahala.

Inuwar ma ta ragu. Kusan bishiyoyi 42,000 na wani nau'i da Faransawa ke kira platane ne suka rufe kanal ɗin kamar rumfa. A 2006 aka gano wata cutar fumfuna ta kama su, wadda ba ta da magani sai sara da ƙonewa. An sare dubbai, ana dasa wasu nau'o'in a madadinsu, amma ƙaramar bishiya ba ta yin inuwa a shekara biyar. Wanda ya ga tsofaffin hotuna ya je yana tsammanin duhuwa ko'ina, zai tarar da wasu wuraren fili fetal.

To wanda bai taɓa yi ba, daga ina zai fara?

Ni dai kogin Danub zan nuna masa, daga Passau a iyakar Jamus zuwa Biyana, babban birnin Ostiriya, tafiyar kilomita 320 da 'yan kai. Kusan duka kwalta ce, ana bin ruwa zuwa gangare, kuma a wurare da yawa akwai hanya a gaɓa biyu, da ƙananan jiragen fito masu tsallakar da mutum da kekensa. Za a ratsa Linz, a ga tsohon gidan ibadar Melk a kan dutse, sannan kwarin Wachau mai gonakin inabi da bishiyoyin afirkot. Mafi yawan mutane kan gama cikin mako guda.

Wannan yanki ne na doguwar hanyar EuroVelo 6, wadda ta tashi daga Tekun Atlantika a Faransa, ta bi kogin Loire, ta haɗu da Danub har Baƙin Teku a Romaniya, sama da kilomita 4,000. Ba kasafai ake yin ta a tashi ɗaya ba, kowa kan yanki daidai ƙarfinsa.

Kilomita nawa a rana, kuma da wane irin keke?

Tsakanin 40 da 60 ya isa. Ƙafa ba ta cika gazawa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, mazaunai ne ke fara kuka, don haka a kula da sirdi fiye da komai. A riƙe famfo, da tub na ajiya, da kayan faci, domin ba kamar nan ba ne da za ka samu mai faci a gindin kowace bishiya. Ana hayar keke a manyan garuruwan hanyar, har da mai batir, wanda injinsa ke daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a awa. Wasu kamfanoni ma kan kai wa mutum jakarsa masauki na gaba. Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 dole ya sa hular kwano a Faransa da Ostiriya.

Wane lokaci ya fi, kuma yaya salla da abinci?

Mayu, Yuni da Satumba. Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoso a kudancin Faransa. Danub kuma yana ambaliya, a Yunin 2013 ya shanye tsakiyar Passau, saboda haka a duba labarin ruwa kafin a kama hanya.

A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare a Faransa, asuba kuma tana yi da wuri, sai a tsara barci da wannan. Masallatai da mahautan halal suna manyan birane irin su Tuluz da Linz da Biyana. A ƙauye sai burodi, cuku, ƙwai, kifi da 'ya'yan itace. Ranar Lahadi kantuna da yawa a rufe suke, musamman a Ostiriya, don haka a yi guzuri tun Asabar.

Muna da irin wannan hanya a ƙasar Hausa?

Ba a keɓe ta don yawo ba, amma akwai ta. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana bin kanal zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma gefen kanal ɗin hanya ce da manoma ke bi kullum a kan keke da babur, da kwandunan tumatir a baya. Da hunturu, lokacin da alkama ta yi kore, mutum zai iya fita da sassafe ya yi kilomita 20 kafin rana ta ɗaga. Ya sanar da mutanen gari zuwansa, ya ba mai kaya hanya, kada kuma ya yarda yara su shiga wanka a babban kanal, domin ruwansa yana da ƙarfi kuma gefensa santsi ne.