Kwana a dajin Gashaka-Gumti: tambayoyin mai shirin tafiya

Ina ne wannan daji yake?

Ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, yana jingine da iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe dazukan Gashaka da Gumti suka zama gandun daji ɗaya na ƙasa, kuma duk Najeriya babu wanda ya kai shi faɗi, don ya haura murabba'in kilomita 6,000. Babban ofishinsa yana garin Serti, kan hanyar da ta tashi daga Bali zuwa tsaunin Mambila. Nan ake fara neman izini.

Yaushe ya fi kyau a je?

Da rani, daga Disamba zuwa Maris. Da damina koguna kan cika, hanyoyi su yanke.

Zan iya shiga ni kaɗai?

A'a, sai da jami'in gandun daji, kuma kada ka ɗauki wannan a matsayin takura. Wanda ya saba da Yankari, inda ake zagayawa cikin mota, zai sha mamaki, domin nan yawanci ƙafa ce. Akwai hawa da gangara, akwai tsallaka rafi da takalmi a hannu. Jami'in shi ya san sawun ɓauna na jiya da na yau, shi ya san gaɓar da dorina ke fitowa kiwo da dare, wadda ba a kafa tanti a kanta.

Waɗanne dabbobi zan gani?

Gwaggon biri kam ba sai ka wahala ba. Akwai gadu, da dorina a kogin Kam, da tsuntsaye masu tarin yawa. Amma wanda ya fi jawo wa dajin suna shi ne cimfanzi, birin nan mai kama da mutum, kuma ganinsa sai an dace. Kurmi ne mai duhu, shi kuwa tun daga nesa yake jin motsinka. Sau da yawa abin da za ka samu ihunsu ne da asuba, ko gadon ganyen da kowannensu ke ɗaurawa a kan bishiya kafin ya kwanta. Ni a ganina wannan ma ya biya kuɗin mota. Mai son gani ya fita da sassafe, ya rage surutu, ya bar turare a gida.

Hawan dutse fa?

Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya. Tafiyar kwanaki ce, kuma sanyin dare a can sama ba wasa ba ne, sai da bargo mai kauri.

Me zan ɗauka?

Tanti, gidan sauro, tocila, takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi, da riga mai dogon hannu. Kada ta zama baƙa ko shuɗiya, ƙudan tsando na bin waɗannan launuka. Ruwan rafi a tafasa shi kafin a sha. Abinci kuma a ƙulle shi da kyau, don gwaggon biri ba ya sallama kafin ya buɗe jaka.