Ma'anar bonawut: gajiyar da barci ba ya saukewa

Idan aka ce maka "Ina gajiya?" amsa ɗaya ce muka iya tun muna yara: "Ba gajiya." Ko daga gona mutum ya dawo da galma a kafaɗa, ko kwana ya yi tsaye a kan mara lafiya, haka zai ce. A ƙara masa da "Ina aiki?" ya ce "Aiki da godiya." Ladabi ne mai kyau, ba na kushe shi. Sai dai ya sa Bahaushe ba shi da wurin da zai ajiye maganar wata irin gajiya wadda ba ta bin lafiya, wadda ake kwana da ita a tashi da ita, wata da watanni.

Ita ce yanzu ake yawan jin 'yan boko da ma'aikatan asibiti suna ce wa bonawut. Kalmar Ingilishi ce, asalin ma'anarta ƙonewa ƙurmus. Wanda ya san fitilar ƙwai ya riga ya san abin da ake nufi. Kananzir ya ƙare amma ba a kashe fitilar ba, sai wuta ta koma cin lagwani, haske ya dushe, hayaƙi ya turnuƙe. Da Hausa za mu iya ce mata ƙonewar ƙarfi.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, shi ya yayata kalmar da wannan ma'ana a wani rubutu da ya yi a 1974. Yana aikin sa kai ne a wani asibitin kyauta a birnin Niyok, inda ake kula da masu shaye-shaye. Ya lura cewa matasan da suka zo aikin da zafinsu, bayan wani lokaci sai su yi sanyi, su yawaita fushi, su daina tausayin waɗanda suka zo taimaka wa. Shi kansa abin ya taɓa shi. Daga baya Christina Maslach ta Jami'ar Kalifoniya ta fito da ma'aunin gane matsalar a 1981. A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a kundinta na rarrabe cututtuka, bugu na 11, amma ta ce ba cuta ba ce, yanayi ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki wanda ya daɗe ba a magance shi ba.

Alamu uku hukumar ta ambata: ƙarewar ƙarfi, sannan zuciya ta yi nisa da aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, sannan aikin ya daina yin kyau a hannunsa. Ta tsakiyar ce ke raba wannan da gajiya ta yau da kullum. Birkilan da ya yini yana ɗora bulo a Ƙofar Ƙaura ya gaji liƙis, amma in ya ci tuwo ya yi wanka ya kwanta, gobe zai fito da kuzarinsa. Malamin firamare da ya fara koyarwa yana sayen alli da kuɗinsa, yau kuma ko hayaniyar yara ya ji daga bakin ƙofa sai ransa ya ɓaci, wannan wani abu ne daban. Hausa tana da kalmomin da suka yi kusa: ƙosawa, gundura, "abin ya fita raina." Kowacce ta kama wani gefe.

Wata yayata ungozoma ce a wani asibiti a nan Katsina. Ranar wata Asabar na tarar da ita zaune a tsakar gida, shayi ya huce a gabanta. Na ce, "Yaya, ai na ji an ce kin yi barci har azahar." Ta ce, "Na yi. Amma wallahi kamar ban kwanta ba. Jiya wata ta zo da naƙuda tana kuka, na ji ko a jikina. Wannan ne ya ba ni tsoro." Matar da na sani tana raka masu jego har bakin Keke Napep ce ke faɗin haka. Ba imaninta ne ya ragu ba, kuma ba lalaci ba ne, ko da yake waɗannan biyun su ne hukuncin da mutane ke saurin yankewa.

Me ya sa barci bai isa ba? Idan mutum ya shiga matsi, jikinsa na sakin wasu sinadarai, irin su kotizol da adirenalin, masu ƙara bugun zuciya su sa shi cikin shirin ko-ta-kwana. An yi su ne don haɗari mai wucewa. In matsin bai wuce ba, ga maigida a ofis, ga bashin mai shago, ga waya da ba ta daina ƙara har sha biyun dare, ga labarin 'yan bindiga a ƙauyen da iyayenka suke, jiki ba ya samun labarin cewa an sauka. Sai a kwanta ido a rufe, ciki a farke. Barcin awa 7 zuwa 9 da ake so babba ya samu yana gyara tsoka da ƙwaƙwalwa, amma da safe kayan da aka sauke a bakin gado yana nan yana jira.

Yawan aikin kansa yana kisa. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa mutum 745,000 suka mutu a 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya sakamakon aikin awa 55 ko fiye a mako. A lissafa awannin ɗan kasuwar da ke buɗe rumfa da hantsi ya rufe bayan isha'i, ba Juma'a ba Lahadi.

Inda nake da ja da ma'anar hukumar shi ne ta tsaya a wurin aiki. To matar aure mai 'ya'ya shida, da surukar da ke kwance, da sana'ar ƙosai da asuba fa? Ba ta da albashi, ba ta da ranar hutu, kuma ba wanda zai ce ta je aiki. A ganina lagwaninta ya fi na kowa saurin cinyewa.

Manomi ya fi mu gane hutun da ake nufi. Gonar da ta gaji ba dare ɗaya ake ba ta ba, barinta ake yi saura, ko a canja mata shuka, a sa wake ko gyaɗa inda dawa ta cinye ƙasa. Haka mutum. Mai aikin ƙwaƙwalwa hutunsa na iya zama tafiya a ƙafa bayan la'asar. Wanda ya yini yana sauraron koken jama'a, hutunsa shiru ne, ba majalisa ba. Wanda ya yini shi kaɗai a bayan kanta kuwa majalisar ce maganinsa. Kwanciya da waya a hannu ana bin rigimar Facebook ba hutu ba ne, canja wa gajiya ɗaki ne kawai. Wani lokacin kuma hutun shi ne a rage kayan: a raba aikin, a ce "ba zan samu zuwa ba" ga biki na uku a mako guda, a karɓi hutun shekara. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikacin da ya cika wata 12 aƙalla kwana 6 na hutu da albashinsa, amma da yawa ba sa nema, don kada a ce ba su da himma.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Lokacin da Salmanul Farisi ya tarar Abu Darda'i yana azumi da rana yana tsayuwa da dare har iyalinsa sun rasa shi, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka. Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. In ibada ma an sa mata iyaka saboda haƙƙin jiki, ina ga aikin ofis?

Abu ɗaya da dole a kiyaye: ba kowace doguwar gajiya ce bonawut ba. Ƙarancin jini, ciwon suga, ciwon hanta, tarin fuka, matsalar maƙoƙo, da minsharin da ke yanke numfashi cikin barci, duk suna zuwa da kasala. Haka ciwon damuwa, wanda shi ba ya tsayawa a wurin aiki, komai na rayuwa yake dusashewa. Gajiyar da ta wuce makonni tana buƙatar likita da gwajin jini, ba ƙullin "maganin gajiya" na kemis ba. Waɗannan haɗe-haɗen sau da yawa magungunan kashe zafi ne da ke iya illata ƙoda da tumbi idan aka daɗe ana sha, wani lokacin har da tiramol.

Yayata ta yi gwajin, jininta lafiya lau. Ta nemi a sauke ta daga aikin dare na wata biyu, ta tura yara Daura wurin kakarsu lokacin hutun makaranta. Da na koma na gaishe ta, na ce, "Yaya, ina gajiya?" Ta yi dariya ta ce, "Akwai ta, amma ta fara sauka."