Tsohon laifi da shan giya: shin suna hana mutum izinin ganin sirrin gwamnatin Amurka?

Duk mai neman aiki a soja, ko hukumar leƙen asiri, ko kamfanin da ke yi wa ma'aikatar tsaron Amurka kwangila, sai an tantance shi kafin a bar shi ya taɓa takardun sirri. Wannan izini mataki uku ne, kuma ɗan ƙasar Amurka ake ba wa, har da wanda ya samu zama ɗan ƙasa daga baya. Tambayar da ke hana mutane da yawa barci ita ce: wanda aka taɓa kamawa yana tuƙi a buge, ko wanda kotu ta taɓa yanke wa hukunci, shi ke nan ƙofa ta rufe?

A mafi yawan lokuta ba ta rufe ba. Ƙa'idar da ake aiki da ita sunanta SEAD 4, ta fara aiki a watan Yunin 2017, kuma ta jera fannoni 13 da ake dubawa. Shan giya shi ne sashen G, aikata laifi sashen J. Kowane sashe yana da abubuwan da ke tayar da hankalin masu tantancewa, da kuma waɗanda ke kwantar da shi.

A batun giya, ba shan ba ne matsalar, tunda dokar ƙasar ta halatta wa wanda ya kai shekara 21. Abin da ake tsoro shi ne mutumin da giya ke gusar wa hankali har bakinsa ya saki: tuƙi cikin maye, faɗa, zuwa aiki a buge, ko komawa sha bayan likita ya ce a daina. Wanda ya yi kuskure sau ɗaya yana saurayi, shekaru suka shuɗe bai sake ba, lamarinsa da sauƙi. Wanda ya amsa cewa yana da matsala, ya kammala jinya, ya nuna ya daina ko ya rage sosai, shi ma yana da hujja. Mai wahala shi ne wanda abin ya zame masa jiki. Kamu uku cikin shekara biyar ba tsautsayi ba ne, hali ne, kuma haka za a karanta shi.

Laifi ma haka. Ana duba girmansa, yaushe aka yi, shekarun mai shi a lokacin, da yadda ya zauna tun daga nan: aiki, karatu, biyan diyya. Wanda har yanzu yake ƙarƙashin sa idon kotu kuwa, da wuya ya tsallake. Akwai shinge guda mai tsauri a dokar da ake kira Gyaran Bond ta 2008: wanda aka yanke wa ɗaurin fiye da shekara ɗaya, kuma ya yi aƙalla shekara a kurkuku, ba a ba shi izinin wasu rukunan sirri mafi tsanani sai da sassauci na musamman.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne fom ɗin SF-86, wanda mai neman izinin ke cikewa da tarihin rayuwarsa. Wasu tambayoyinsa shekara 7 baya suke nema, amma tuhumar babban laifi, ko wadda ta shafi giya ko ƙwaya, tambayar ita ce ko an taɓa, ko da shekara talatin ne. Ko kotu ta goge shari'ar daga kundinta, galibi sai ka faɗa. Wanda ya ɓoye ya ƙara wa kansa sashen E, na gaskiya da riƙon amana, ga kuma hukuncin yi wa gwamnatin tarayya ƙarya da ke iya kai wa ɗaurin shekara 5. A ganina wannan ne wauta mafi tsada, domin tsohon kamu yana tsufa, ƙarya kuwa ranar da ka sa hannu aka haife ta.

Idan za a hana ka, ana aiko da takardar dalilai, ka ba da amsa a rubuce. Ma'aikacin kamfanin kwangila na iya neman zama gaban alƙalin ma'aikatar tsaro. Sai dai kada a sa rai da kotun gama-gari. Tun shari'ar Egan ta 1988 Kotun Ƙoli ta ce babu mai haƙƙin samun wannan izini, kuma ƙa'idar ta ce duk inda aka yi kokwanto, tsaron ƙasa ake fifitawa.