Ƙwallon Jami'o'in Amurka: Me Ake Nufi da Tazarar Caca, Kuma Wa Ke Cin Ribar?

Daga ƙarshen watan Agusta zuwa farkon Disamba, ranar Asabar a Amurka ta ƙwallon jami'o'i ce. Wanda ya leƙa jadawalin wasannin zai ga wasu lambobi maƙale da sunayen ƙungiyoyi, irin su -7 ko +21.5, kuma masu sharhi suna ambatonsu kamar kowa ya san su tun daga haihuwa. Lambobin na gidajen caca ne, amma sun shige cikin labarin wasan har ba a iya raba su.

Tukuna, wace irin ƙwallo ce wannan?

Ba tamaular da muka saba ba ce. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa, 'yan wasa goma sha ɗaya ne kowane ɓangare, sanye da hular kwano da sulken kafaɗa. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma na fili, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya samu maki 6, sai a ba shi bugun ƙari mai maki 1, ya zama 7 ke nan. Buga ta tsakanin turaku daga nesa kuma maki 3 ne. A riƙe 3 da 7 ɗin nan, za mu dawo kansu.

Wasan ɗalibai ne fa. Me ya sa ake masa wannan hidima?

Domin ya girmi gasar ƙwararru nesa ba kusa ba. Wasan farko tsakanin jami'o'i, Rutgers da Princeton, an yi shi ne ranar 6 ga Nuwamba 1869. Yau sama da jami'o'i 130 ne ke rukunin farko a ƙarƙashin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i. Filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum 107,601, ya fi kowane filin ƙwallo na Ingila. Jihohi irin su Alabama da Nebraska ba su da ƙungiya ko ɗaya a babbar gasar ƙwararru, don haka ƙungiyar jami'a ita ce tutar jiha. A Nebraska tun 1962 ake sayar da tikitin kowane wasan gida ƙarƙaf, kuma ranar wasa mutanen da ke cikin filin sun fi mazauna kowane gari a jihar yawa, in ka cire Omaha da Lincoln.

To mene ne -7 ɗin da ake rubutawa gaban sunan ƙungiya?

Ita ce tazara. Matsalar da ta zo magancewa mai sauƙin fahimta ce: in babbar jami'a za ta kara da ƙarama, kowa ya san wanda zai ci, babu wanda zai zuba kuɗinsa a kan mai rauni. Sai gidan caca ya ce to, mun ɗora wa mai ƙarfi bashin maki tun kafin a fara. In aka rubuta Georgia -7, wanda ya zaɓi Georgia ba zai ci ba sai ta yi nasara da fiye da maki 7. In aka tashi 31 da 21, ta biya bashi, ya ci. In aka tashi 24 da 21, ɗalibai suna can suna murna a fili shi kuwa kuɗinsa sun tafi. In ratar ta tsaya daidai 7, a mayar wa kowa kuɗinsa, kuma saboda gudun haka ne ake yawan liƙa rabin maki, a ce 7.5, tunda babu rabin maki a wasa.

Rabin makin nan ba ƙaramin abu ba ne. Tunda maki suna zuwa uku-uku da bakwai-bakwai, wasanni da yawa da ratar 3 ko 7 suke ƙarewa. Tsakanin 6.5 da 7.5 akwai tafiya mai nisa, alhali tsakanin 11.5 da 12.5 kusan babu komai.

Akwai wasu nau'o'i biyu. Ɗaya shi ne zaɓen wanda zai ci kai tsaye: -300 na nufin sai ka zuba dala 300 ka samu ribar 100, +250 kuma ka zuba 100 ka samu ribar 250. Ɗayan jimillar makin ɓangarorin biyu ne, a ce 52.5, mutum ya zaɓi za a haura ko ba za a kai ba. Ana danganta yaɗuwar tsarin tazara ga Charles McNeil, wani tsohon malamin lissafi da ya koma harkar caca a Chicago wajen shekarun 1940.

Ke nan tazarar hasashen masana ce kan yadda wasa zai ƙare?

Ta fi kama da farashi a kasuwa. Ma'aikatan gidajen caca suna da jadawalin ƙarfi da suke ba kowace ƙungiya lamba, su cire ta wannan daga ta waccan, su ƙara wa mai masaukin baƙi maki biyu ko uku, su fitar da tazarar buɗewa tun ranar Lahadi. Daga nan sai ciniki ya fara. In manyan 'yan caca masu lissafi suka afka wa ɓangare guda, sai a matsa lambar. In ka ga tazara ta zame daga 10 zuwa 6 ranar Laraba, ruwa ba ya tsami banza: sau da yawa labari ne ya fita cewa mai jefa ƙwallon ƙungiyar, wanda shi ne ƙashin bayanta, ya ji rauni a atisaye. Iska mai ƙarfi ko dusar ƙanƙara kuma jimillar maki suke ja ƙasa.

Saboda dubban mutane sun sa kuɗinsu wajen gyara ta, tazarar da aka rufe da ita ranar Asabar takan fi hasashen kowane mai sharhi guda kusanci da gaskiya. Amma an yanka ta ne yadda kowane ɓangare zai zama kusan rabi da rabi, wato an mayar da wasan da kowa ya san sakamakonsa tamkar jefa kwabo sama.

In rabi da rabi ne, ina gidan caca ke samun nasa?

A wata ƙaramar lamba da ke gefen tazara, wadda yawanci ba a kula da ita: -110. Ma'anarta sai ka zuba dala 110 kafin ka ci 100. Ɗauki mutum biyu, ɗaya ya zaɓi Georgia, ɗaya ya zaɓi abokiyar karawarta. Gida ya karɓi 220. Ko wa ya ci, za a ba shi 210, wato kuɗinsa da ribarsa. Goma ta zauna a aljihun gida, kuma bai damu da wanda ya ci ba.

Yanzu a ce mutum ya yi caca sau ɗari a kaka guda, ya dace sau hamsin. Ya ci 5,000, ya rasa 5,500. Ko da ya dace sau 52, har yanzu yana bin kansa bashin dala 80. Sai ya kai 53 zai ga ɗan abin da bai kai na cefane ba, dala 130, bayan ya juya dala 11,000. Wannan ratar da ido ba ya gani ita ta gina benayen Las Vegas.

Mafi muni shi ne haɗa wasanni da yawa a tikiti guda, abin da tallace-tallacen manhajoji suka fi turawa. In kowane wasa rabi da rabi ne, damar a dace da goma a jere ɗaya ce cikin 1,024. Labarin "saura wasa ɗaya tikitina ya yanke" iri ɗaya ne a kowace ƙasa.

Masu hasashen talabijin da na intanet fa, a yarda da su?

A raba su. Akwai na nishaɗi, kuma sarkinsu Lee Corso ne na shirin College GameDay a tashar ESPN, wanda daga 1996 zuwa 2025 ya riƙa bayyana zaɓinsa ta hanyar kifa kan dodon da ke alamta ƙungiyar da ya zaɓa a kansa, taron ɗalibai na ihu a bayansa. Ya yi na ƙarshe ranar 30 ga Agusta 2025 yana da shekara 90, ya zaɓi Ohio State a kan Texas, ya kuma dace. Babu wanda yake kallonsa don neman arziki. Akwai ƙuri'ar 'yan jarida ta kamfanin AP da ke jera ƙungiyoyi tun 1936, da lissafin kwamfuta iri-iri, waɗanda suna da amfani wajen gane ƙarfin ƙungiya.

Sai masu sayar da "tabbataccen sakamako". Tsohuwar dabararsu ita ce a aika wa mutum 3,200 saƙo, rabi a ce musu wannan za ta ci, rabi a ce waccan. Mako na gaba a bi 1,600 da aka dace da su, a sake raba su. Bayan mako biyar akwai mutum ɗari da suka ga an faɗa musu daidai sau biyar a jere, kuma su ne za a ce wa su biya kuɗin na shida. Ni dai tambayata guda ce: wanda ya san gobe, me zai yi da dala ashirin ɗinka?

Ana samun ranar da lissafin ya watse gaba ɗaya?

Sosai, kuma 'yan shekara sha tara da ashirin ne ke wasan, ba injina ba. Ranar 6 ga Oktoba 2007 Stanford ta je gidan USC, wato Jami'ar Kudancin Kalifoniya, a Los Angeles an ɗora wa USC bashin maki 41. A shekarar da ta gabata wasa ɗaya tak Stanford ta ci cikin goma sha biyu, mai jefa ƙwallonta, Tavita Pritchard, ranar ce farkon da aka fara wasa da shi, USC kuwa ta ci wasa 35 a jere a gida. Saura ƙasa da minti guda, a damarsu ta huɗu kuma ta ƙarshe, Pritchard ya cilla ƙwallo can kusurwar hagu, Mark Bradford ya yi tsalle ya cafe. Aka tashi Stanford 24, USC 23. A 2017 Jami'ar Howard ta karya wannan tarihi, ta doke UNLV, wato Jami'ar Nevada da ke Las Vegas, 43 da 40 alhali an ɗora wa UNLV bashin maki 45.

Na kusa-kusa shi ne Nuwamban 2024, lokacin da aka ba Ohio State fifikon kusan maki 20 a kan babbar abokiyar gabarta Michigan, a gida. Michigan ta ci 13 da 10, 'yan wasanta suka nemi kafa tutarsu a tsakiyar fili, faɗa ya kaure har 'yan sanda suka fesa barkonon tsohuwa. Bayan mako bakwai Ohio State ɗin ce ta ɗauki kofin ƙasa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Magoya baya suna canza sakamako da gaske?

A wannan wasa, e, kuma ta hanyar da ake gani. Kafin kowane taku mai jefa ƙwallo yana kiran umarni da baki. In mutum dubu ɗari suka ɗauki ihu, abokansa ba sa jinsa, wani ya motsa kafin lokaci, alƙali ya mayar da su baya yadi biyar. Shi ya sa 'yan kallo ke yin tsit in nasu ke da ƙwallo, su ɓarke in ta koma hannun baƙi. A Texas A&M ɗalibai a tsaye suke kallon wasa daga farko har ƙarshe, suna kiran kansu ɗan wasa na goma sha biyu, al'adar da ta samo asali a 1922. Wadda ta fi taɓa ni ta Iowa ce: tun 2017, in aka gama zangon farko, duk filin har da 'yan wasan ɓangarorin biyu sukan juya su ɗaga wa yaran da ke kwance a asibitin da ke kallon filin hannu.

Son yakan wuce gona da iri. Bayan Auburn ta doke Alabama a 2010, wani magoyin bayan Alabama ya zuba wa tsofaffin itatuwan da 'yan Auburn ke taruwa ƙarƙashinsu guba, ya kuma kira gidan rediyo yana alfahari. Ya sha ɗauri, itatuwan kuma aka sare su a 2013.

Wajen caca kuwa, amfanin wasa a filin gida an riga an saka shi cikin tazara, babu wani sirri da magoyin baya ya riƙe. Abin da yake da shi so ne, so kuwa hana ganin laifi. Mai ƙaunar Notre Dame ko Texas zai zaɓe ta ko an ɗora mata bashin maki nawa, kuma masu yanka tazara sun san da zamansa.

Doka ta yarda da duk wannan?

Daga 1992 dokar tarayya ta taƙaita cikakkiyar cacar wasanni ga jihar Nevada. Ranar 14 ga Mayu 2018 Kotun Ƙoli ta soke dokar a ƙarar da New Jersey ta kai, aka bar wa kowace jiha zaɓi. Sama da jihohi talatin sun halatta, amma Kalifoniya da Texas ba su bi ba, Utah kuwa ta haramta caca kowace iri. Halaccin dokar Amurka daban, hukuncin addini daban. Ga Musulmi aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta riga ta rufe zancen.

Su ɗaliban da ake caca a kansu fa?

An hana su cacar wasannin jami'o'i, amma wayar tana aljihunsu kamar kowa. A 1996 Boston College ta dakatar da 'yan wasa 13, biyu daga ciki sun zuba kuɗi ne a kan ƙungiyarsu za ta faɗi. A 2023 bincike ya rutsa da 'yan wasan Iowa da Iowa State da dama. Tazara tana sauƙaƙa cin amana, domin ɗan wasa ba ya bukatar ya sa a ci su, ya isa ya bari a yi nasara da 10 a maimakon 14.

Sai kuma caca a kan ɗan wasa guda, misali yadi nawa zai ci. Yaro ya gama wasa, ya buɗe waya ya tarar da zagi da barazana daga baƙin da suka yi asara, wasu har da turo masa lambar asusu wai ya biya su. A 2024 shugaban NCAA, Charlie Baker, ya roƙi jihohi su hana irin wannan caca a kan ɗalibai. Ohio da Maryland da Vermont da Louisiana sun hana a wannan shekarar, sauran jihohi da dama kuwa har yanzu ana yi.