Lugu (ƙauye a Jamhuriyar Nijar)

Lugu, wanda takardun Faransanci ke rubutawa Lougou, ƙaramin ƙauye ne na manoma a ƙasar Arewa, kudu maso yammacin Jamhuriyar Nijar. A tsarin mulki na yanzu yana cikin ƙaramar hukumar Dankasari, gundumar Dogon Dutsi, jihar Dosso, arewa maso gabas da garin Dogon Dutsi. Mutanensa Hausawa ne, gero ne cimarsu kuma shi ne dukiyarsu. Da a ce da yawan gidaje ake yin suna, da babu wanda zai san Lugu in ban da maƙwabtansa. Abubuwa biyu ne suka fito da shi: sarautar Sarauniya, wadda mace ke riƙewa tun kaka da kakanni, da kuma faɗan da mutanen garin suka yi da rundunar Faransa a watan Afrilu na 1899.

Ƙasa da jama'a

Ya kamata mai karatu daga Najeriya ya lura cewa Arewa a nan sunan ƙasa ne, ba kishiyar kudu ba. Ƙasar Arawa ce, mutanen da Zabarmawa ke kira Mawri, kuma iyakar da Turawa suka shata ta raba ta biyu: Matankari da Dogon Dutsi suna Nijar, Kangiwa tana jihar Kebbi. Ƙashin bayan ƙasar shi ne Dallol Mawri, tsohon kwarin kogi da ya ƙafe tun zamanin da ba a tunawa, wanda ruwa ke kusa a ƙarƙashinsa. Gefe da gefen kwarin akwai duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai da jigayi na rairayi. Damina gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba.

Masana tarihin yankin, ciki har da Marc-Henri Piault wanda ya wallafa Histoire Mawri a 1970, sukan raba jama'ar Arewa gida biyu. Akwai Gubawa, waɗanda ake ɗauka su ne suka fara saran daji, don haka ƙasa da iskokinta a hannunsu suke. Akwai kuma zuriyar sarakuna, waɗanda ke danganta kansu da wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari, su ne ke riƙe da sarautar Sarkin Arewa da harkar yaƙi. Lugu na ɓangaren farko ne. Ikonsa bai taɓa zama na dawaki da haraji ba, na ƙasa ne da ruwan sama da rantsuwa.

Asali

Labarin kafuwar garin na baka ne. Ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce wata mace ce ta taso daga Daura tare da 'yan uwanta, ɗauke da wani dutse, suka yi ta tafiya yamma har dutsen ya nuna musu inda za su zauna. Ita ce Sarauniya ta farko, dutsen kuma shi ne Tunguma. Ana haɗa labarinta da na Baura na Bagaji, ɗaya babban jigon addinin gargajiya a Arewa, ana nuna gidajen biyu tushensu ɗaya. Masu ƙiyasi sukan kai wannan hijira ƙarni na 16 ko na 17, wasu su kai ta baya da haka; lissafin ya dogara ne da jerin sunayen sarauniyoyi da tsofaffi ke kawowa, kuma jerin yakan bambanta daga baki zuwa baki.

A ƙarni na 19, bayan jihadin 1804, Arewa ta shiga tsakanin Sakkwato da Gwandu a gefe guda, Kabi a ɗaya gefen. Lokacin da Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa a 1849, Arawa da Zabarmawa da Dandawa sun mara masa baya, har aka kai ga sulhun da ake kira Lafiyar Toga a wajen 1866. A duk tsawon wannan zamani Lugu ya ci gaba da bin addinin kakanninsa.

Sarautar Sarauniya

Sarauniya suna ne na sarauta, ba na mutum ɗaya ba, ko da yake a waje idan aka ce Sarauniya, Mangu ake nufi, wadda ke kan gadon a 1899. Ba a gadon sarautar kai tsaye daga uwa zuwa 'ya. Idan mai riƙe da ita ta rasu, sai a yi abin da ake kira tarkama: maza su ɗauki gawar a kan makara, kuma bisa imanin mutanen garin gawar ce ke jan masu ɗauke da ita har ta kai su gaban macen da za ta gaje ta daga cikin zuriyar. Da irin wannan hanya ake zaɓen Baura ma. Wadda aka nuna ba ta da ta cewa.

Daga ranar rayuwarta ta sauya. Takan zauna a ɗakinta cikin fararen tufafi, tana kaɗin auduga, ba ta yawo, mutane ne ke zuwa wurinta. Manomi da ya ga damina ta yi jinkiri, matar da ke neman haihuwa, iyalin da cuta ta addaba, duk sukan kawo kukansu, ita kuma ta yi roƙo da yanka a madadinsu ga iskokin ƙasa, waɗanda a Arewa aka fi sani da doguwa. Wanda ya fara sanin Sarauniya ta hanyar fim, da doki da kwari da baka, yakan yi mamaki in ya ji haka. Aikin nata ya fi kusa da na mai tsaron rumbun gari fiye da na sarkin yaƙi.

Tunguma kuwa dutsen shari'a ne, yana da mai kula da shi. Ana kai masa ƙarar sata da rikicin gona da zargin maita, a yi tambaya a gabansa, masu wannan aƙida su ce dutsen yakan motsa ya ba da amsa. A da mutane kan zo daga nesa don wannan, kuma tsoron rantsuwar ƙarya a wurin ya kashe husuma da yawa tun kafin a isa.

Faɗan 1899

A watan Janairu na 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine ta bar bakin kogin Kwara ta nufi gabas, da niyyar isa tafkin Chadi ta haɗu da wasu runduna biyu, ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango. Turawan cikinta 'yan kaɗan ne. Ɗaruruwan sojojin baƙaƙen fata ne da aka ɗebo daga yammacin Afirka, ga 'yan dako, ga mata da bayin da ake kamawa a hanya, har ayarin ya haura mutum dubu nesa ba kusa ba. Irin wannan taro ba ya rayuwa a ƙasar rijiyoyi a tsakiyar bazara sai da ƙwace. Tun a Sansane Hausa suka fara kisa da ƙone gari, haka kuma suka ci gaba.

Akwai wani abu da ba a cika ambata ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta bai wa Ingila ƙasar da ke gabas da Dallol Mawri cikin mil 100 daga Sakkwato, wanda ya haɗa da yankin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Hanyar da aka bar wa Faransa ta arewa ba ta da ruwa, shi ya sa Voulet ya ratsa ta cikin Arewa. Ke nan a kan takarda, ranar da aka yi faɗan Lugu, garin yana ɓangaren Ingila. Sai da yarjejeniyoyin 1904 da 1906 aka mayar da iyakar kudu, yankin ya koma hannun Faransa.

Garuruwa da dama sun watse kafin rundunar ta iso, wasu sun ba da hatsi da dabbobi don su tsira. Lugu da maƙwabcinsa Tongana sun tsaya. Ranar 16 ga Afrilu 1899 aka gwabza. Maharba suka tari sojojin da kibau masu dafi, da wutar bindiga ta yi yawa sai suka ja cikin kurmin da ke kusa da gari, inda harsashi ba ya aiki sosai, suka ci gaba daga can. Rahoton Faransawa ya ce an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙone harsashi kusan 7,000, asara mafi girma da suka yi zuwa wannan lokaci. An ƙone garin, amma ba a kama Sarauniya ba. Bayan rundunar ta wuce, mutane suka dawo suka sake gini.

Daga nan ayarin ya nufi Birnin Ƙonni, inda ya yi mummunan kisa a watan Mayu. Labarin ta'asar ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya karɓi ragama, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojin suka juya wa kyaftin ɗin biyu baya suka kashe su. Ragowar rundunar, ƙarƙashin Laftanar Pallier tare da Joalland da Meynier, ta ci Damagaram a ƙarshen watan. A Lugu ba a ɗauki wannan ƙarshe a matsayin katari ba: ana cewa bakin Sarauniya ne ya kama su.

An yi saɓani kan rawar da Mangu ta taka. Takardun Faransawa sun ambace ta a taƙaice, a matsayin tsohuwar matsafiya da ta aiko musu da saƙon raini. Ruwayoyin gari sun fi ƙarfafa asirinta da yadda ta ɓace wa abokan gaba. Hoton jaruma mai jan daga da kanta ya fi fitowa ne daga adabi.

Suna a waje

A 1980 marubucin Nijar Abdoulaye Mamani ya fitar da littafin ƙagaggen labari mai suna Sarraounia, Med Hondo na Muritaniya kuma ya mayar da shi fim a 1986. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. Tun daga nan sunan ya shiga littattafan makaranta da waƙoƙi, har da gidan rediyo da talabijin a Yamai. Kaɗan ne daga cikin masu ambatonsa suka taɓa taka ƙauyen.

Noma da zaman gari

Gero ake shukawa da ruwan fari, a sa wake a tsakaninsa, dawa kuma a inda ƙasa ta fi riƙe laima. Mata suna da nasu 'yan gonaki na gyaɗa da gurjiya da yakuwa da kuɓewa, su ne kuma ke kiwon awaki da kaji. Gandu na maigida ne, kowa na gidan yana da hannu a cikinsa, abin da aka girbe a ɗaure dami-dami a zuba a rumbu. In noma ya fi ƙarfin gida ɗaya sai a kira gayya, a dama fura. Da dami ake auna arzikin shekara, kuma tambayar da ke bakin kowa bayan kaka ita ce ko rumbu zai kai wata damina. Shekarun da bai kai ba suna da sunaye a wannan yanki: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da yunwar 1984 da 'yan Nijar suka laƙaba wa El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Da rani samari sukan tafi cin rani, galibi Najeriya ko Yamai.

Addini da halin yanzu

Musulunci ya mamaye Arewa a cikin ƙarni na 20, masu bin addinin gargajiya, waɗanda ake kira Azna, suka zama 'yan tsiraru. Wasunsu ba sa son wannan suna saboda kusancinsa da kalmar arna. Yawancin zuriyar Lugu sun bazu zuwa wasu ƙauyuka, garin ya ragu ƙwarai, amma sarautar ba ta yanke ba. Ƙungiyar Tarbiyya Tatali, ta 'yan Nijar da Faransawa, ta yi ayyukan raya karkara a ƙaramar hukumar Dankasari, kuma a 2007 an wallafa littafin Lougou et Saraouniya, wanda ya tattara ruwayoyin mutanen garin da kansu.