Waiwaye: 'Yantacciyar manhaja da gwagwarmayar gyara dokokin haƙƙin mallaka da na ƙirƙira

Mutane da yawa suna ɗauka cewa masu fafutukar 'yantacciyar manhaja, wato manhajar da kowa yake da damar ya yi aiki da ita, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara ta, kuma ya ba wasu, burinsu shi ne a soke duk wata dokar da ke kare masu fasaha. Tarihin lamarin bai nuna haka ba. Dokoki biyu ake magana a kansu, ta haƙƙin mallaka da ta haƙƙin ƙirƙira, kuma matsayinsu a kan kowacce ya sha bamban. Ta farko suna dogaro da ita ko da yake suna neman a rage mata tsawo, ta biyu kuwa so suke a raba ta da harkar manhaja baki ɗaya.

Dokar haƙƙin mallaka ta zamani ta fara ne a Ingila a shekarar 1710, inda aka ba marubuci ikon hana buga littafinsa na shekara 14, da damar ƙarin wasu 14 idan yana raye, kuma Amurka ta ɗauki wannan wa'adi a 1790. Ciniki ne tsakanin jama'a da marubuci: a ba shi ɗan lokaci ya ci gajiyar wahalarsa, daga nan aikin ya zama na kowa. Haƙƙin ƙirƙira ya girme ta, domin birnin Benis na ƙasar Italiya ta yau ya kafa dokarsa tun 1474. Haƙƙin mallaka yana kare rubutun da mutum ya yi ne kawai, saboda haka wanda ya zauna ya rubuta nasa da kansa ba shi da laifi ko da aikin manhajojin biyu iri ɗaya ne. Takardar ƙirƙira kuwa dabarar kanta take killacewa, a yau har tsawon shekara 20, kuma tana iya kama mutumin da bai taɓa jin labarinta ba.

Kafin ƙarshen shekarun 1970, masu rubuta manhaja a jami'o'in Amurka sun saba musayar asalin rubutun manhaja, wato umarnin da mutum ya rubuta wanda sai da shi ake iya gyara ta, a tsakaninsu. A ɗakin bincike na jami'ar MIT, inda mai rubuta manhaja Richard Stallman yake aiki, sun taɓa gyara manhajar injin buga takardunsu yadda idan takarda ta maƙale saƙo zai isa ga masu jiran aiki, wani ya tashi ya cire ta. Da aka kawo sabon inji na kamfanin Xerox, sai ya zo ba tare da asalin rubutun ba, kuma wanda Stallman ya nema a wurinsa ya ƙi bayarwa saboda ya sa hannu a kan alkawarin rufe sirri. A daidai wannan lokaci, a 1980, majalisar dokokin Amurka ta tabbatar da cewa haƙƙin mallaka ya shafi manhaja. Stallman ya sanar da shirin GNU, na gina 'yantacciyar babbar manhajar sarrafa kwamfuta, a watan Satumba na 1983, ya kafa gidauniyar 'yantacciyar manhaja ta FSF a 1985, sannan a 1989 ya fitar da lasisin GPL, wato takardar izinin amfani da manhaja.

Wannan lasisi shi ne zuciyar batun. Marubucin manhaja ba ya yafe haƙƙin mallakarsa. Yana riƙe da shi, sai ya yi amfani da shi ya kafa sharaɗi: kowa ya kwafa, ya gyara, har ya sayar in ya so, amma duk wanda zai rarraba abin da ya gyara, dole ya haɗa da asalin rubutun, bisa sharuɗɗan da shi ma ya samu. Wanda ya karya sharaɗin ya rasa izini, kuma dokar haƙƙin mallaka ce za ta hau kansa. Linus Torvalds ya sa Linux, ginshiƙin manhajar sarrafa kwamfuta da ya rubuta, a ƙarƙashin wannan lasisi a 1992.

Shekarun 1990 sun zo da tsauri. Yarjejeniyar TRIPS ta 1994 ta wajabta wa ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, har da Najeriya, su kare manhaja kamar yadda suke kare littafi. A 1998 Amurka ta ƙara shekara 20 a kan wa'adin haƙƙin mallaka, ya koma tsawon ran marubuci da shekara 70, ko shekara 95 ga aikin kamfani, kuma Kotun Ƙoli ta amince da ƙarin a 2003 duk da ƙarar da lauya Lawrence Lessig ya jagoranta. Ga manhaja wannan wa'adi ya wuce hankali, tunda kafin ya cika babu kwamfutar da za ta iya karanta ta. A shekarar 1998 ɗin kuma aka kafa dokar DMCA, wadda ta haramta karya makullin da kamfanoni ke sa wa fayiloli, ko da mutum da kuɗinsa ya saya. A 2001 aka kama wani ɗan Rasha mai rubuta manhaja, Dmitry Sklyarov, a birnin Las Vegas bayan ya gabatar da lacca a kan raunin makullin littattafan kamfanin Adobe, kuma sai a ƙarshen 2002 kotu ta wanke kamfanin da yake yi wa aiki. Irin wannan haramci ya bazu, har ya shiga sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023.

Duk da haka, da jam'iyyar Pirate ta ƙasar Suwidin, wadda aka kafa a 2006, ta kawo shawarar rage wa'adin zuwa shekara biyar, Stallman ya ja hankalinta a 2009 cewa gyaran zai iya cutar da 'yantacciyar manhaja. Hujjarsa tana da ƙarfi. Bayan shekara biyar, manhajar GPL za ta fita daga kariya, asalin rubutunta kuma yana fili, don haka kowane kamfani zai iya ɗauka ya zuba cikin kayansa ya rufe. Manhajar kamfanin ita ma za ta fita daga kariya, amma a takarda kawai, domin asalin rubutunta yana ɓoye, ga kuma yarjejeniyar da mai saye yake amincewa da ita kafin ya fara aiki. Ke nan an ɗaure hannun mai bayarwa an bar na mai ɓoyewa a sake. Maganin da ya kawo shi ne a tilasta wa kamfani ya ajiye asalin rubutun a hannun amintacce tun ranar fitar da manhajar, a sake shi ga jama'a idan wa'adi ya cika. A ganina duk gyaran da ya taɓa wa'adi bai taɓa sirrin asalin rubutu ba, rabin aiki ne.

Batun takardun ƙirƙira ba shi da wannan sarƙaƙiya. A 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba a mallakar dabarar lissafi, amma hukuncin 1981 ya buɗe ƙofa, kuma hukuncin wata kotun ɗaukaka ƙara a 1998 ya wangale ta, har kamfanin Amazon ya samu takarda a 1999 a kan sayen kaya da latsawa ɗaya. A ƙarshen 1994 an sanar da cewa kamfanin Unisys zai karɓi kuɗi a kan dabarar matse bayanai da ke cikin hotunan GIF, bayan duniya ta riga ta saba da su, abin da ya sa masu sa-kai suka ƙirƙiro tsarin hotuna na PNG a madadinsa. Manhaja ɗaya tana ɗauke da dubban dabaru, kuma babu mai iya bincika dukkansu kafin ya rubuta. Manyan kamfanoni suna musayar takardu a tsakaninsu su zauna lafiya, amma wanda yake rarraba manhajarsa ga kowa ba shi da hanyar ƙirga kwafi, balle ya biya kuɗi a kan kowanne.

A Turai aka yi babbar karawa. Yarjejeniyar Turai ta 1973 kan haƙƙin ƙirƙira ta ce manhaja a karan kanta ba ta cancanci takardar ƙirƙira ba, amma ofishin da ke bayar da takardun ya riƙa fassara wannan sharaɗi yadda dubbai suka samu shiga. Da Hukumar Tarayyar Turai ta kawo daftari a 2002 wanda masu suka suka ce zai halatta wannan al'ada, ƙungiyar FFII, mai adawa da takardun ƙirƙira a kan manhaja, da ƙananan kamfanoni suka yi shekara uku suna bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Ranar 6 ga Yuli, 2005, Majalisar Turai ta yi watsi da daftarin da ƙuri'a 648, yayin da 14 kawai suka goyi baya. Nasara ce ta hana ci gaban ɓarna, amma ofishin bai daina bayar da takardun ba. Sigar GPL ta uku, ta 2007, ta ƙara sharaɗin cewa mai rarraba manhaja ba zai juyo ya kai masu amfani da ita ƙara da takardunsa ba.

A Amurka hukuncin Kotun Ƙoli na 2014 a shari'ar kamfanin Alice ya ce ɗora sananniyar dabara a kan kwamfuta bai isa ƙirƙira ba, kuma kotuna sun soke takardu masu yawa a kansa. Tun 2012 Stallman ya ce maimakon jayayya a kan wace takarda ce ta manhaja, a kafa doka cewa rubuta manhaja ko rarraba ta ko aiki da ita a kan kwamfutar yau da kullum ba keta haƙƙin kowa ba ne, kamar yadda dokar 1996 ta kare likitocin tiyata daga irin wannan ƙara. Majalisa ba ta ɗauki shawarar ba. Abin da ya zo gabanta a 2023 shi ne ƙudurin sanatoci Thom Tillis da Chris Coons, wanda yake neman rushe ma'aunin da hukuncin Alice ya kafa, kuma sun sake gabatar da shi a 2025.