Waiwaye: yadda man fetur ya shiga ruwan sha a kudancin Chadi

A Chadi, da an ce ruwa ya ɓaci sai hankali ya tafi kan kwalara. A tafasa, a ɗiga ruwan Javel, wato sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, shi ke nan. Amma tafasawa ba ta fitar da ɗanyen mai ko gubar sinadarai daga ruwa, kuma irin wannan ɓacin ya fi shekara ashirin yana bin ƙasar.

Doka dai ta riga man zuwa. An kafa dokar kare muhalli a 1998, ta ruwa a 1999, sannan a 2003 man yankin Doba, a kudancin ƙasar, ya fara bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru. Tare da mai kuwa akwai ruwan dagwalo da ke fitowa daga rijiyoyin, kuma dole a nemi inda za a zuba shi.

A watan Agustan 2013 gwamnati ta dakatar da aikin kamfanin CNPC na ƙasar Sin, bayan an tarar da ɗanyen mai kwance cikin ramuka a Koudalwa, kimanin kilomita 200 kudu da N'Djamena. A 2014 aka ci shi tarar dala biliyan 1.2, aka kuma ƙwace lasisinsa biyar. Daga baya aka daidaita a kan dala miliyan 400. An yaba wa hukuma, kuma ta cancanci yabon, sai dai cinikin tsakanin fadar gwamnati da kamfani aka yi shi. Mai rijiya a ƙauye ɗan kallo ne.

Abin da ya auku a Badila, wani filin haƙar mai a kudancin ƙasar, ya fi wannan ciwo. A watan Satumban 2018, ana cikin damina, bangon wani tafkin dagwalo na kamfanin Glencore ya fashe. Lita miliyan 85 ta bi gonaki ta faɗa kogin Nya Pende, inda mutane ke sha, suke wanka, suke shayar da shanu. Mazauna wurin sun ba da labarin ƙuna da ƙuraje a fata, har da yara, ga mutuwar dabbobi da kifi. Kamfanin ya musanta cewa ruwansa ne sanadi. Manomin da ba shi da ɗakin gwaji, da me zai ƙaryata? Ƙorafin ma sai a Birtaniya ƙungiyoyin kare haƙƙi suka shigar da shi a 2020, kuma a 2022 Glencore ya sayar wa kamfanin Perenco rijiyoyin man ya tafi.

Mu da ke N'Djamena kada mu ɗauka abin na 'yan kudu ne. Ruwan wancan yankin ta kogin Logone yake gangarowa, ya haɗu da kogin Chari a bakin garinmu, ya wuce Tafkin Chadi. A gaɓar Logonen nan ne, a ɓangaren Kamaru, rikicin ruwa tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta Musgum ya ɓarke a Disambar 2021, har dubban mutane suka tsallako Chadi gudun hijira. Wancan faɗan kan ƙarancin ruwa ne kawai, ba a ma kai ga zargin wani da zuba masa guba ba.